Ɗigon da Bai Kai Ƙarshen Layi Ba

Shekarar da na gama sakandare, duk layinmu na unguwar Tishigu babu wanda ya kai ni saurin yatsa a waya. Ba cika baki nake ba, chale, ɗan'uwa. Ina cin ƙosai da hannu ɗaya, ɗayan yana amsa mutum uku a lokaci guda, kuma ban taɓa tura wa wani saƙon wani ba. 'Yan ajinmu har gasa suke haɗa mu, ni da wata yarinya 'yar unguwar Choggu, kullum ni ke cinye ta. A gida kuwa ni ce ofishin waya gaba ɗaya.

Mu uku ne, Mma da ni da yayana namiji. Baba ya rasu tun ina firamare. Mma tela ce, kekenta na ƙafa yana bakin ƙofar ɗakinmu a gidan haya. Ba ta yi boko ba, awo ma da taƙin hannu da igiya take yi, ba ta yarda da tef ba, amma riga ba ta taɓa dawo mata don ta matse wani. Yaya bakaniken babur ne a da. Aiki ya ja baya, abokai suka ja shi kudu wajen galamse, wato haƙar zinariya a rami ba da izinin hukuma ba. Mma ta hana, ta yi magana har ta gaji. Ranar da zai tafi ba ta raka shi tasha ba, tana kan keke ta ce Allah ya kiyaye, ko ɗagowa ba ta yi ba. Wannan ya zauna masa a rai, na sani, don ya sha faɗa min. Shi ya aiko min da wayar, shi ke riƙe da karatuna. Inda suke babu netwok sai an hau wani tudu, saboda haka kira ba ya yiwuwa. Boyis yake yi, saƙon murya, ya ajiye, ranar da ya hau tudu ya turo.

Wanda ya san boyis ya san yadda yake a fuskar waya. Ɗan akwati ne. A hagu akwai wani abu mai kusurwa uku, ka danna shi murya ta tashi, shi kuma ya rikiɗe ya koma sanduna biyu a tsaye. Ka danna sandunan, murya ta tsaya cak. A tsakiya layi ne mai tsaga-tsaga kamar haƙoran mashaci, da ɗigo yana tafiya a kansa daga hagu zuwa dama. A gefe kuma akwai maɓallin gudu: ɗaya, ɗaya da rabi, biyu. Yaya da yake bakanike ne duk ya raɗa musu suna. Mai kusurwa uku shi ne kik, sandunan birki, na gudun kuma giya. Ranar da Mma ta ji ina cewa na sa giya biyu, ta ce in maimaita, a gidan wa. Sai da na yi mata bayani ta koma kan ɗinkinta, tana cewa duk sunayen duniya a rasa wanda za a sa sai wannan.

Bayan la'asar ne lokacinmu. Mma ta ɗaga ƙafa daga keke, ta cire tabarau ta bar shi yana lilo a wuya, ta ce, "Auta, yaron nan ya yi magana?" Ba ta kama sunansa, ɗan fari ne. In ya yi, in jawo kujera 'yar tsuguno in zauna gabanta, wayar a tafin hannuna. In buga kik. Ya fara da sallama, ya tambayi ƙafarta, ya tambayi hawan jinin, ya gaishe da Kawu ƙanenta, ya gaishe da maƙwabciyarmu Badagomba mai koko, har akuyar mai gida sai ya tambaya ko ta haihu, don dai ya sa ta dariya. Mma tana amsawa kamar yana tsugune a gabanta. Lafiya lau. Da sauƙi. Ta haifi biyu. Sai ya ce, to Mma, sai na sake hawa tudu. Ya yi shiru kamar na numfashi biyu. A cikin wannan shirun nake taka birki.

Don bayan shirun akwai saura, kuma nawa ne. Wutsiya muke ce masa. Yaya ne ya ƙirƙiro tsarin, ya ce in ya turo akwati biyu Mma za ta gani ta ce a kunna mata duka, amma akwati ɗaya ai ɗaya ne. Kuma gaskiyarsa. Shekara uku ban taɓa kuskure ba. Ko harafin farko na "Auta" bai taɓa tsallakowa kunnen Mma ba. Ina alfahari da wannan, wallahi, kamar wata sana'a. Amsa kuma ta bakina take tafiya, don Mma ta ce ita ba ta iya magana da ƙarfe ba. Ta faɗa min abin da zan ce, in yi masa boyis, in ƙara nawa shirmen.

Da farko wutsiya daɗi ce zalla. Labarin yarinyar da ke sayar musu da tuwon kenke, wadda yake so amma ba ya jin yarenta. Ƙwallo. Tsokana, wai Farfesa, an ce kin ci sifili a lissafi. A shekara ta biyu tari ya shigo. Ya ce ƙurar injin niƙa dutse ce, kowa a wurin yana yi, kada Mma ta ji. Kuma akwai dalili, don Mma ta taɓa faɗuwa a kasuwa, hawan jini, likita ya ce a kiyaye ta da labarin tashin hankali. Yana danne tarin har ya gama da ita, sai a wutsiya ya sake shi. A hankali ɓangaren Mma ya dinga gajarcewa, nawa yana tsawo. Ita ta lura, ta ce yaron nan ya rage surutu. Na ce aiki ne.

Ga inda laifina ya fara. Ni ba na jin komai a giya ɗaya. Komai. Darasin da malamai ke turowa, wa'azi, boyis ɗin ƙawaye, duk a biyu nake sha. Mutum ya tsaya yana "to, am, wato", ni ina da wurin zuwa. In na gama kunna wa Mma nata a giya ɗaya, sai in maƙala iyafis, in mayar biyu, in ji wutsiya ina wanke-wanke ko ina cikin yalo-yalo, keken nan mai ƙafa uku, muna tafiya lesin. A giya biyu kowa lafiyayye ne. Murya ta tsuke, ta yi kaifi, maganganu su manne da juna, tari ya koma wani ɗan kaf-kaf kamar mutum ya ƙware da gyaɗa. Har dariya yake ba ni. Na taɓa kunna wa ƙawata, muka ce Yaya ya koma ɗan katun. Na ga layin boyis ɗinsa ya canza, haƙoran mashacin sun zama ƙungiya-ƙungiya, tsakaninsu fili a shafe. Na ɗauka netwok ne.

Sai rizal ɗin jarrabawa ya fito. Chale, na ci, na fasa. Na fasa paa, ba kaɗan ba. Ina tsaye a shagon da ake dubawa, mutumin ya juyo da kwamfuta ya ce wannan naki ne, na ce sake dubawa, ya sake. Na fito ban san inda takalmina ɗaya ya tsaya ba. Daga bakin titi har gida gudu na yi. Maƙwabciyarmu mai koko ta rungume ni tana rawa, tana ce wa mutanen gida da irin Hausarta, "Auta ya ci, Auta ya ci, yarinya ya gama da su." Mma ba ta yi rawa ba, ta shiga ɗaki ta yi sujada, ta fito idonta jajir ta ce a kira Kawu. Ba a jima ba jami'a ta ɗauke ni, a nan garin. Ni ce ta farko a danginmu. Kawu ya ce sai an yi walima, aka sa Asabar. Mma ta ciro wani leshi da ta ɓoye tun ban san yaushe ba, ta fara yanka min riga.

Ran Laraba kafin walimar boyis ya shigo. Minti huɗu da wani abu. Na Mma bai kai rabin minti ba. Ya yi mata barka, ya ce Auta ta fitar da mu kunya, ya ce sai ya sake hawa tudu. Na taka birki. Wutsiyar kuma na ji ta ina tsaye a gaban madubi, rigar tana jikina da alluran gwaji, iyafis a kunne ɗaya, giya biyu. Ba zan ce ban ji ba. Na ji. Ya ce wannan karon kada in taka birki, in bar shi ya tafi har ƙarshe Mma ta ji. Ya ce jiki ya ƙi. Ya ce a turo Kawu. Na ji kowace kalma. Amma muryar da ta faɗe su tana gudu ne, tsaf-tsaf, kamar mai karanta sanarwa a rediyo. Na ce a raina, wanda ke magana haka ai zai kai Lahadi. In na kunna yanzu Mma za ta ajiye almakashi, Kawu zai hau lorin kudu, shinkafar da aka saya fa, ƙawayena na unguwar Jisonayili da suka ɗinka anko fa. Na ce bari Asabar ta wuce.

Akwai abin da na sani amma na ƙi tunawa. In an kunna boyis, ɗan makirufon da ke gefen akwatin yana komawa shuɗi a wayar wanda ya turo. Bai nuna wa ya ji, bai nuna ko an tsaya a rabi. Shuɗi kawai. Ran Juma'a ya turo wani, daƙiƙa uku. "Mma ta ji?" Ina wajen kitso. Na tura masa sitika, babban yatsa a sama. Ko sakan ɗaya bai ɗauke ni ba.

An yi walima. An ci jalof, an sha sobolo, wato zoɓo, an ɗauko sifika an kafa a tsakar gida, ni ce ma mai zaɓen waƙa. Na yi rawa har ƙafata ta yi ciwo. Hotuna na nan, ina dariya a kowanne, kuma dariyar ta gaske ce, ba zan yi ƙarya ba. Lahadi na ce Mma ta gaji. Litinin ranar awon jininta ce, na ce bari a ga abin da awo zai ce. Awo ya ce ya ɗan hau, na ce to ka gani. Talata muka je cike takardun makaranta. Kowace safiya ina tashi da niyya, kowace la'asar in sami dalili. Kuma kullum abin yana ƙara nauyi, don yanzu ba labarin kawai zan ba ta ba, har da kwanakin. Yaya bai sake turo komai ba. Na ce wa kaina ruwa ake yi a kudu, tudun yana santsi. Akwai wani tunani kuma a can ƙasa, wanda ko a raina ban faɗa da kalmomi ba: in ya dawo, wa zai riƙe jami'ar.

Ran Alhamis Mma ta ce tunda yaron nan ya yi shiru, in sake kunna mata na ƙarshen. Tana yawan haka. Amma ranar tana tsakiyar zura zare a allura, tabarau yana idonta, kuma ta ce in matso kusa don injin markaɗen maƙwabta yana ƙara. Na tsuguna a gefenta maimakon gabanta. Na buga kik. Ya yi barka, ya yi sallama, shiru, birki.

Ta ce, "Ya ƙare?"

Na ce ya ƙare.

Ta nuna fuskar wayar da kan allura. "Wannan ɗigon, ba tafiya yake ba?"

Na ce tafiya yake.

"To ai ko taƙin yatsa bai yi ba. Ga layi can har gefe."

Na ce sauran hayaniya ce, Yaya yana mantawa bai kashe ba, sai ƙarar inji da iska. Ƙaryar ta fito min sumul, ban ma nemo ta ba. Mma ta dube ni ta saman tabarau. Ta ce ita dai a sana'arta in ɗinki bai kai gefe ba, ko zare ne ya tsinke ko hannu ne ya tsayar. Ta mayar da ƙafa kan keke.

Washegari Juma'a, da hantsi, mazan gidan duk sun fita, ta kira ni. Tana da wani dogon yadi na labule da aka kawo mata. Ta ce in ajiye wayar a kan teburin keke in nemo mata boyis ɗin jiya. Na nemo. Ta ce in buga abin nan nawa. Na buga. Yaya yana fara sallama ta miƙo min bakin yadin, kusurwa ɗaya a hannun dama, ɗaya a hagu, ta ce in ja baya in miƙar mata da shi, tana so ta ga ko yankan ya karkace. Na ja baya taku uku. Sai da na tsaya, hannuwana a buɗe, yadi a miƙe, na gane abin da ta yi. Tana riƙe da ɗayan bakin, ba yadin take kallo ba.

To Mma, sai na sake hawa tudu. Shiru. Babban yatsana ya motsa a kan yadin, shi kaɗai.

A giya ɗaya yake, don jiya ita na kunna wa. Wannan ne karo na farko a wata da watanni da na ji wutsiya yadda ya faɗe ta. "Auta." Sai numfashi, mai ƙara, kamar ana jan buhu a kan siminti. "Wannan karon." Numfashi. "Kada ki taka birki." Sai tari, ba kaf-kaf ba, tari mai tsawo wanda ke fitowa daga can ƙasa, ya tsaya, ya tofar, ya jira. Waɗannan ne filayen da nake gani a shafe a kan layi. Ba netwok ba ne, shi ne yake neman iska. Minti huɗun nan, maganar cikinta ba ta fi ta minti ɗaya ba.

Ya ce, "Mma, ki yafe min, na ɓoye miki." Ya ce wata biyu ke nan bai shiga rami ba, ba ya iya fitowa in ya shiga. Yana kwance a ɗakin wani abokin aiki. Akwai jini a abin da yake tofarwa. Abokin ne ya goya shi a babur ya kai shi tudu don ya tura wannan. Sai ya ce, "Na san kin hana ni zuwa. Ina so in dawo gida. Ba zan iya hawa lori ni kaɗai ba. In kin yarda, a turo Kawu. In ba ki yarda ba, ba komai."

Ɗigo ya kai gefe. Sandunan suka koma kusurwa uku da kansu.

Mma ba ta faɗi ba. Shekara biyu ina jin tsoron faɗuwarta, ga ta zaune daram. Ta saki yadin, ya zube a ƙasa tsakaninmu. Ta ce, "Yaushe ya zo?"

Kwanan watan yana nan a rubuce, ƙanana-ƙanana, kuma ba za ta iya karantawa ba. Da na ce shekaranjiya da ta yarda. Na ce, "Yau kwana tara."

"Kafin walima."

"Kafin walima."

Ta tambaya ko ya san ban kunna mata ba. Na ce bai sani ba. Na nuna mata yadda makirufon ke komawa shuɗi, na nuna mata ɗan boyis ɗinsa na Juma'a, na nuna mata sitikar da na tura. Ta daɗe tana kallon yatsan nan mai ruwan ƙwai. Ta tambayi ma'anarsa, na ce yana nufin e, ko kuma an gama. Ta ce, "Wato kwana tara yana kwance a ɗakin wani, yana cewa uwarsa ta ji ta yi shiru."

Ba ta mare ni ba. Da ta mare ni da na ji sauƙi. Ta ce in nuna mata inda ake dannawa a yi magana. Na kai hannu, ta ce in nuna da baki. Na ce ga shi nan a ƙasa, a dama, ki danna ki riƙe. Ta danna ta saki, ya yanke. Ta sake, ya yanke. A na uku ta danne shi da yatsan da take tura allura, har farcen ya yi fari. Ta kira sunansa. Ban taɓa jin sunan a bakinta ba tun da aka haife ni. Ta ce, "Ni ce. Yau na ji, yanzun nan. Ban yi fushi ba. Ina zuwa da kaina." Ta saki. Alama ɗaya ce ta fito a gefen saƙon, wato ya bar wayata amma bai shiga tasa ba. Ta tambaya ya ji, na ce sai an kai shi tudu. Ta ce wa zai kai shi.

Ta aika aka kira Kawu daga masallaci. Da ya ji ya juyo kaina zai fara faɗa, ta ce masa ba yanzu ba, ya je ya nemo lori. Da safe suka tafi, ita da shi. Ta karɓi lambar abokin Yaya daga wajena a rubuce a takarda, ta ƙulle a bakin zane. Na ce in bi su ko don waya, ta ce Kawu yana da tasa mai maɓalli, ta isa. Ta bar ni wajen mai koko. Kwana huɗu na yi ina duba alamar nan. Ba ta taɓa zama biyu ba, wato bai shiga ba. Matar tana zuba min koko tana cewa, "Ka ci, yayanka zai zo," ni kuwa ko ƙawayena da ke ta turo hotunan walima ban iya buɗewa ba.

Ran Talata da azahar yalo-yalo ya tsaya a ƙofar gida. Kawu ya fito, Mma ta fito, sai suka juya suka ciro wani mutum. Na san rigar, ni na zaɓa masa ita da sallah. Daga ƙofa zuwa ɗakinmu sau biyu suka tsaya. Ya gan ni, ya yi ƙoƙarin murmushi, ya ce, "Farfesa." Iyakar abin da iskarsa ta ba shi ke nan. Washegari aka kai shi asibiti. Suka ce ƙurar dutse ta cinye huhun, wannan ba ya gyaruwa, kuma tarin tibi, wato tarin fuka, ya hau kai, wannan ana magani. Aka riƙe shi sati uku. Na sami wata nas a baranda na tambaye ta, da an kawo shi kwana tara kafin haka, da akwai bambanci. Ta ce ƙura aikin shekaru ce. Na ce tibin fa. Ta ce in je in kawo masa ruwan zafi.

Kawu ne ya ba ni labarin yadda suka same shi, ba don in ji daɗi ba. Saƙon Mma bai taɓa isa gare shi ba, don ya daina yarda a kai shi tudu. Ya raba kayan aikinsa, ya ba abokin wayarsa. Ya kira limamin wurin ya ce in ta faru a rufe shi a nan, kada a wahalar da kowa da ɗaukar gawa zuwa arewa, mutanensa sun san halin da yake ciki. Da Mma ta shiga ɗakin ya juya fuska ga bango, sai da ta faɗa masa sau uku cewa ba ta ji ba sai ran Juma'a.

Mma ba ta sake ce min in kunna mata komai ba. Ba ta daina min magana ba, tana sa min abinci, ta ɗinka min kayan shiga jami'a. Amma in saƙo ya zo mata daga dangi, wajen 'yar mai koko take kai wa, yarinyar da ko rubuta sunanta daidai ba ta iya ba. Kawu ya karɓi karatuna, da sharaɗin in dinga tsare masa shago ran Asabar. Na fara zuwa lacca. Ana shewa a aji, ni ma ina yi, har yanzu in aka taɓa ni bakina ba ya shiru.

Yaya ya dawo gida ya zauna a tabarma a bakin ƙofa, kusa da keken Mma. Masallacin layinmu bai fi taku ɗari ba, amma ya fi ƙarfinsa. Yara suna kawo masa kabireta a faranti yana gyarawa a zaune. Wata biyu bai tambaye ni ba. Ni kuma ina kawo masa magani, ina wanke masa kofi, ina jira.

Wata ranar Lahadi da hantsi, Mma ta tafi gaisuwar rasuwa, gidan ba kowa. Ina shanya. Ya ce in zo. Na tsuguna.

Ya ce, "Auta, kin ji shi ranar da ya zo?"

Na ce na ji.

"Duka?"

"Duka."

Ya jira numfashi ya dawo masa. "Jinin Mma kika ji wa tsoro?"

Ƙofa ce ya buɗe min, na gane. Da na ce e da ya karɓa, da ya ce shi ya koya min. Na ce, "Walima ce, Yaya. Na ce bari Asabar ta wuce."

Ya daɗe yana juya wata 'yar ƙusa a tsakanin yatsunsa. Ya ce mutane sun zo? Na ce sun zo. Ya ce abinci ya isa? Na ce ya isa, har an kai wa maƙwabta. Ya gyaɗa kai. Ya ce rana ta iso shi, in taimaka in ja masa tabarmar zuwa inuwa. Na kama hannunsa ya miƙe, ya dafa bango, na ja tabarmar, na dawo na zaunar da shi.